Kurkuku ko Asibiti: Ina Ya Dace a Kai Mai Shaye-shaye?



Tambayar da ta tara mu yau ita ce: wanda aka kama da ɗan abin maye na shansa, ba na sayarwa ba, ɗaure shi ya kamata a yi ko a nema masa magani? Batun ya shafe mu, domin da yawa daga cikin matasan da ake kamawa a lunguna mu muka koya musu riƙon fensir.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya. Dokar hukumar NDLEA kuwa ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis da makamantanta. Ina kurkukun da zai ɗauki wannan jama'a?

Ƙasar Fotugal ta sauya hanya a 2001. Ƙwaya tana nan a matsayin haramtacciya, kuma dillali bai tsira daga ɗauri ba. Amma wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, sai a ƙwace, a tura shi gaban wani kwamiti da ya ƙunshi masanin shari'a da ma'aikatan lafiya da na walwalar jama'a. Su za su duba ko gargaɗi ya ishe shi, ko tara, ko a haɗa shi da likita. Gwamnati ta kuma faɗaɗa cibiyoyin jinya, aka samu raguwa sosai a yawan masu kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allurar maye.

Jihar Oregon ta Amurka ta gwada nata bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2020, inda tarar dala 100 ta maye gurbin ɗauri. Sai dai kuɗin jinya ya yi jinkirin isa cibiyoyi, ga ƙwayar fentanil ta yaɗu, shaye-shaye a fili ya dami jama'a. A 2024 majalisar jihar ta maido da hukuncin.

Masu adawa da sassauci suna da hujja. Iyaye na tsoron yara su ɗauki sassauci a matsayin izini, kuma dillali zai iya rarraba kayansa ƙulli-ƙulli ya fake da cewa na shansa ne. Amma mu ma mun san yaron da ya shiga gidan yari saboda ƙulli ɗaya yakan fito da ƙwarewa a laifin da bai sani ba, ga tabon da zai hana shi aiki.

Matsayinmu shi ne a fara da gina wuraren jinya da horar da ma'aikata, sannan a gyara doka ta bambance mai sha da mai sayarwa. Kafin nan, mu sa ido kan ɗaliban aji biyar da shida, mu riƙa sanar da iyaye a asirce, mu daina gaggawar kora, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a.