Daji Ya Yi Kore, Ciyawa Ta Yi Tsada

Yau zancen daji za mu yi, amma kowacce ta zauna inda take, domin labarinsa har tsakar gida yake iske ki.

Ke mai kiwon tunkiya ko ɗan rago a bayan ɗaki, kin san yadda damin ciyawa ke tsada da bazara. Mai neman zana ta san gamba ta yi wuya. Ɗaurin itacen da yara ke sayo miki ma, sau da yawa ƙiraren sabara ne da geza. Amma maigida zai dawo daga ƙauye ya ce miki daji ya yi kore shar. To duka biyun gaskiya ne. A wurare da dama koren na sabara ne da kalgo da ɗunɗu da tumfafiya, sun mamaye inda gamba da kyasuwa suke a da.

Me ya kawo haka? Ki ɗauka ciyawa da waɗannan ƙananan itatuwa kishiyoyi ne, randarsu ɗaya. Saiwar ciyawa a sama-sama take, ita ke fara shan ruwan da ya sauka. Idan ta yi kauri, ɗan tsiron itace ba ya samun ruwa, ba ya samun hasken rana, sai ya mutu tun yana ƙarami. Ranar da ciyawa ta yi rauni kuwa, kishiya ta samu gida.

Babban abin da ke raunana ta shi ne kiwon da ya fi ƙarfin fili. Gonaki sun ci makiyaya, sun ci burtali, dabbobi sun cunkushe a ɗan abin da ya rage. Sai su cinye ciyawa mai daɗi tun ba ta zubar da iri ba, su tattake ƙasa, su bar abin da ba sa so. Kuma su ne ke cin 'ya'yan kalgo da na ɗunɗu, su kasayar da irin a wani wuri, ga shi da takinsa. Makiyaya a Jamhuriyar Nijar sun daɗe suna kuka da garmani, wanda ya shafe musu filayen kiwo dabba kuwa ba ta damu da shi ba.

Sai maganar wuta. A da, busasshiyar ciyawa mai tsawo idan ta kama da rani, zafinta yakan ƙone ƙananan tsirrai kafin su yi ƙarfi. Inda ciyawa ta ƙare, wutar ba ta da abin ci, sai tsirran su girma abinsu. Kada wata ta ce na ce a cinna wa daji wuta. Gobarar da ake tayarwa don farautar gafiya ɓarna ce, ita ma abincin dabbobi take cinyewa.

Iyayenmu suna tuna farin 1973 da na 1984. A lokacin ciyawa mai daɗewa irin gamba ta mutu a wurare da yawa, manyan itatuwa ma sun bushe, wasu gatari ya ƙarasa su. Sabara kuwa saiwarta ta yi nisa, ko an sare ta sai ta sake tohowa. Da damina ta fara gyaruwa daga shekarun 1990, ita ta riga kowa. Ruwan ma yanzu yakan zo da ƙarfi a lokaci guda, wani ya gudu, wani ya nutse can ƙasa inda ciyawa ba ta kaiwa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Iskar kabon da hayaƙin masana'antu da motoci ke fitarwa ta ƙaru a sararin sama da kusan kashi 50 cikin 100 a kan yadda take kafin zuwan injuna, kuma masana sun gano ta fi amfanar itatuwa a kan ciyawar ƙasashe masu zafi. Shi ya sa ake ganin wannan mamaya har a Namibiya da Afirka ta Kudu da Habasha. Giwa da raƙumin dawa masu cin toho suna karya rassa su ma sun ƙaura, giwa sai irin su Yankari.

Ni dai a ganina bai kamata a ɗauki sabara abokiyar gaba ba. Wadda ta yi jego ta san darajarta. A gona tana tare ƙasar da iska ke kwasowa, ganyenta ya zama taki. Manoman Maradi tun cikin shekarun 1980 suke abin da suke kira sassabin zamani: maimakon tumɓuke kututture, sai a bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran a kai gida a yi girki. Kurmin da zai hana ciyawa fita sai ya miƙe ya zama itace, ƙarƙashinsa ya sha iska. Idan maigida yana noma, ki kawo masa wannan zancen bayan ya ci abinci ya huta. Ke kuma mai kiwo, ki sayi harawarki da kaka tun tana araha ki adana inda raɓa da gara ba za su taɓa ta ba.