Tsofaffin Motocinmu na Akori-Kura: Yadda Za Mu Raya Su a Gida

(Jawabin kwamitin sufuri a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)



 

Uwar ƙungiya ta ɗora mana nauyin yin magana a kan wani abu da kowannenmu yake wucewa ta gabansa duk lokacin da ya zo gida hutun salla, wato tsofaffin motocin nan na akori-kura da ke jingine a ƙofar gidajen iyayenmu, wasu a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinsu. Wataƙila wani zai ce wannan ai zancen gareji ne, ba na taron manya ba. To amma duk wanda ya taɓa neman motar da za ta kai mai naƙuda babban asibiti da tsakar dare, ko ya ga tumatirin ɗan uwansa yana ruɓewa a bakin fadama don rashin abin ɗauka, ya san cewa zance ne na rai da dukiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancinmu, ta hannu ma sai wane da wane. Abin da muke da shi a hannu shi ya kamata mu raya.

Mafi yawan motocin nan Peugeot 504 ne, sai 'yan tsirarun Toyota Hilux. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna kuwa ya fara aiki a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawan da suka ƙirƙiro ta sun daɗe da barin ta. Wannan ne ya sa har yanzu ake samun kayanta a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma da wuya ka sami tsohon bakanike a Arewa da bai yi wayo a cikin injinta ba. Mota ce da ba ta da kwamfuta. Da 'yan sifanu da filaya da sukudireba, mai hankali zai yi mata rabin hidimarta a gindin bishiyar ƙofar gida.

Abin da ya fi kashe injin 504 a ƙasarmu shi ne zafi, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe. Kan injin na alminiyam ne. Idan ya yi zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, daga nan kuma sai kashe kuɗi mai yawa. Sau tari asalin matsalar ruwan da muke zubawa a lagireto ne. Ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da gishiri da ƙasa, waɗanda ke taruwa a hankali su toshe siraran bututun lagireto, kamar yadda farin ɓawon nan yake kama cikin butar shayi. Maganinsa a wanke lagireto sau ɗaya a shekara, kafin shigowar bazara, a zuba ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, wanda ke kuma hana tsatsa. A duba fanbel kada ya saki ko ya tsattsage, a matsa robobin ruwa da hannu a ji ko sun yi laushi. Murfin lagireto ma, ƙanƙantarsa ba ta hana shi aiki ba, domin shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa. Wanda aka toshe da tsumma ko leda bai da wani amfani. Akwai kuma al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu ta cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Mu dai ba mu goyi bayan wannan ba. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa da wuri yana ƙara shan mai, yana kuma saurin cinyewa, musamman da asubahin hunturu. Idan tamostat ya lalace a sayi wani. Sannan muna roƙo, don girman Allah, a gargaɗi yaranmu kada su buɗe lagireto inji na tafasa, domin fuskoki da yawa sun saɓule ta wannan hanya.

Baƙin mai kuwa kowa ya san shi, sai dai ana yi masa rowa. Tsohon inji irin wannan yana son mai kauri, irin mai lamba 20W-50, a juye shi duk bayan kilomita 5,000 tare da matatarsa, kada a jira sai ya zama kamar kwalta. A guji na kwalba da ake aunawa a bakin titi. Wanda aka juye kuma kada a zubar kusa da rijiya. Matatar iska ita ce hancin mota. A lokacin hunturu, a kan hanyarmu ta burji, tana bukatar a kakkaɓe ta kowane mako, domin ƙurar da ta wuce ta tana goge fistin da zobensa tamkar sanfefa. Sa'ar da aka yi, silif ɗin injin 504 ana zare shi a sa sabo, don haka injin da ya fara hayaƙi ba mushe ba ne.

Birki da taya su ne inda ganganci ke zama makoki. Man birki yana shan danshi, ya kamata a sauya shi duk shekara 2 ko da bai ragu ba. Masu zuba ruwan omo a madadinsa suna wasa da rayukan jama'a ne. A jikin kowace taya akwai lambobi 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa tana iya fashewa a zafin kwalta ko da zanenta bai goge ba, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunne a kan haka. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kuma kada ya dogara da jak kaɗai, ya tokare ta da kututture mai ƙwari.

Sai batun ƙara mata inganci, wanda muka san shi matasanmu suka fi ɗokin ji. Gyaran da ya fi biyan kuɗinsa shi ne sauya kontak na cikin distiributa da na lantarki, wanda ba ya cinyewa, ba ya bukatar saiti kowane wata, kuma mota na tashi da bugu ɗaya da safe. Bayansa sai sabunta wayoyin wuta da suka bushe, da sa rile a fitilun gaba don haskensu ya ƙaru, da kankare tsatsar bodi a yi walda a shafa fenti kafin damina. Shimfiɗa katako a bayanta yana kare ƙarfen daga taki da gishiri.

Amma akwai gyaran da muke ganin ɓarna ce. An ƙera motar nan ne don ɗaukar tan ɗaya da 'yan kai, wato buhun masara 10 zuwa 12. Sai ka ga an ƙara mata ganyen sifirin uku ko huɗu, an labta mata buhu 25, mutane kuma sun hau sama. Sifirin ya ƙaru, gaskiya ne, amma birki da gatari da shasi suna nan yadda Bafaranshe ya yi su. Ranar da za su gaza ba sa sallama. Haka nan wanda ya ɗora mata injin wata mota, ya tabbata giya ta dace da shi, ya kuma je ofishin lasisi a gyara lambar inji a takardu, kada ya kwana a hannun hukuma a kan motarsa ta halal.

Da yawa sun tambaye mu game da mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirinta a 2023. Injin kafireto yana karɓar wannan sauyi, kuma gas ya fi fetur araha. Sai dai tukunyar tana da nauyi, tana cin wurin kaya, kuma ba ta da amfani ga motar da ke nesa da gidan mai sayar da gas ɗin. Wanda motarsa ke zirga-zirga zuwa babban birni zai ci riba, wanda tasa ke tsakanin gona da kasuwar ƙauye ya dakata tukuna. Abin da ba mu yarda da shi ba ko kaɗan shi ne tukunyar da mai walda ya haɗa, ko ta gas ɗin girki. Matsin CNG yana kai wa ba 200, ya ninka na tukunyar girki sau da yawa, kuma a watan Oktoba na 2024 irin wannan tukunya ta bogi ta tarwatse da wata mota a Benin, mutane suka jikkata.

Mu da ke birni laifinmu guda ne: mukan aiko da kuɗin gyara idan mota ta mutu, amma ba ma aiko da na hidima tana da rai. Saboda haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarar cewa kowace mota a ajiye mata littafi a aljihun gaba, a riƙa rubuta ranar juye da kilomita da abin da aka saya. Reshen Kaduna da na Kano su wakilta mutum ɗaya ɗaya da ya san kaya, ya riƙa saye da kansa, don a huta da jabu. Sannan ƙungiya ta ɗauki nauyin matasa biyu su koyi aiki a gareji, da sharaɗin su dawo gida su buɗe nasu. Duk mai motar da ke jingine, wanda ya yarda a tashe ta don jigilar marasa lafiya, ya ba sakatare sunansa kafin a watse, domin mu fara zagayen duba su bayan sallar la'asar.