Jawabi ga 'Yan'uwa Mazauna Kurmi a kan Taron Masu Neman Barin Giya

 

Maganar da zan yi yau ba a son yin ta a bainar jama'a, ko da yake kowa ya san da ita daga Agege zuwa Sabon Badun, daga Shagamu har Fatakwal. Yaro ya baro gida cirani, ya zo inda ba idon uba ba idon malami, ga giya ana sayarwa a bakin kowace tasha. Da fari yakan ce don gajiya ne ko don sanyin gadin dare. Kafin shekara ta kewayo, kuɗin da yake aika wa iyaye sun yanke. Ba dukiya kaɗai ke salwanta ba: a 2015 mutane da dama sun hallaka a jihohin Ondo da Ribas saboda shan ogogoro mai guba.

Abin da ya sa ciwon ya fi tsanani a wurinmu shi ne kunya. Namu a ɓoye yake sha, saboda haka a ɓoye yake lalacewa. Wa'azi kuwa ya ji shi, ya san haramun ce tun yana makarantar allo. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya wa gaskiyar halinsa ba tare da labarin ya riga shi isa gida ba.

To, akwai wata hanya da aka daɗe da gwadawa. A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka lura cewa in sun zauna suna gaya wa juna wahalarsu sukan iya wuni ba su sha ba. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, wadda ake kira AA a taƙaice, ta kuma bazu cikin duniya. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, watau mutum ya kasance yana son ya daina. Ba kuɗin rajista, ba a tambayar sunan mahaifi ko garinsu, kuma abin da aka faɗa a ɗakin a nan ake barinsa. Ba a ɗora wa kowa alkawarin shekara. Na yau kawai ake nema, gobe a sake. Sabon shiga yakan sami wani da ya daɗe da bari, wanda zai kira ko da tsakar dare in sha'awa ta taso.

Yaya za a sami irin wannan taro? Ba a kafa masa allo a bakin titi, sai an tambaya. Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne asibitocin gwamnatin tarayya na masu taɓin hankali: na Yaba a Ikko, na Aro a Abekuta, na Uselu a Binin, da na Inugu da Kalaba. Kada sunan ya firgita kowa, ba sai mahaukaci ke zuwa ba. A nemi likita ko jami'in jin daɗin jama'a, a tambaye shi inda masu barin giya ke haɗuwa, da rana da lokaci. Mai waya kuma ya rubuta sunan ƙungiyar da na garin da yake a intanet, don har ta waya ana yin taron yanzu.

Zuwa asibitin yana da wani dalili mai nauyi. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, in ya yanke farat ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya kamuwa da karkarwa, da gumi, da gane-gane, har da farfaɗiya, wani lokaci a rasa rai. Kada a kulle irin wannan a ɗaki, a ce aljanu ne. Likita zai fara gani, taro ya biyo baya.

Na san abubuwa biyu da za su tsaya wa mutanenmu a rai. Na farko, sau da yawa a zauren coci ake zama. Aron ɗaki ne kurum, ƙungiyar ba ta wani addini ba ce, har ma Musulmin birnin Baltimore sun kafa tasu a kan wannan tsari a 1989, mai suna Millati Islami. Na biyu shi ne harshe, gama wanda bai ji Turanci ko Yarabanci ba, zaman kurame zai yi. A ganina nan ne aikin ya dawo kanmu. A ƙa'idar AA, mutum biyu ko uku da suka haɗu don neman bari sun isa su zama ƙungiya. Ke nan ba abin da zai hana a yi da Hausa a cikin Sabo.

Roƙona ga sarakuna da shugabannin mahauta, da na direbobi, da na 'yan acaba, shi ne a ba su ɗaki ɗaya da ba ya kallon hanya, sa'a guda a mako, bayan sallar isha'i. Kada mai unguwa ya shiga, kada a aika yaro ya leƙo su wane ne a ciki. Mabuɗin a bar shi a hannun ɗaya daga cikinsu.