Kowane Zama da Mudunsa: Duba Saiti a Rumbun Bayanai



Abin da za mu tattauna a yau ƙarami ne a ido, amma yana iya taɓa albashin mutum, ko ranar ritayarsa, ko lissafin ma'aikata sukutum. Tun shekarar 1970, lokacin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da dabarar jera bayanai cikin jadawali masu dangantaka da juna, rumbun bayanai na kwamfuta ya yi ta karɓe aikin da a dā kabad da fayil ke yi. Mutane da yawa sun ɗauka cewa in akawu biyu suka yi wa rumbu ɗaya tambaya ɗaya, tilas su sami amsa ɗaya. To, ba kullum haka yake ba.

Dalili kuwa shi ne, duk wanda ya shiga rumbu da sunansa da kalmarsa ta sirri, rumbun yakan buɗe masa abin da ake kira zama, watau daga shigarsa har fitarsa. Kowane zama yana da saitinsa: yadda za a karanta kwanan wata, agogon wace ƙasa za a bi, da iyakar lokacin da za a bar tambaya tana aiki kafin a katse ta. Kamar kasuwar hatsi ce: buhu ɗaya, amma kowa ya zo da mudunsa.

Bari mu ɗauki misali daga PostgreSQL, rumbun da asalinsa aikin Michael Stonebraker ne a Jami'ar Kalifoniya ta Bakli daga 1986, aka raɗa masa wannan suna a 1996. Mu ƙaddara akawu ya rubuta ranar kama aikin wani 03/04/1990. Mu nan muna fara rubuta rana sannan wata, kamar mutanen Ingila, saboda haka nufinsa 3 ga Afrilu. Amurkawa kuwa da wata suke farawa. In saitin DateStyle na zamansa yana kan MDY, rumbun zai ajiye 4 ga Maris, ba tare da ya ce uffan ba. Da ranar 25 ce, da ya ƙi karɓa, domin babu wata na 25. Ashe haɗarin yana cikin kwanaki 12 na farkon kowane wata, inda kuskure ke wucewa shiru. Wanda ya san cewa ma'aikacin gwamnati yakan yi ritaya in ya cika shekara 35 yana aiki, ko shekara 60 da haihuwa, ya san wannan ba abin wasa ba ne.

Haka nan batun agogo. Nijeriya tana gaban agogon Girinwic da awa ɗaya. Kuɗin da aka biya da ƙarfe 12:30 na daren 1 ga Janairu 2024 a agogonmu, mai zaman da saitin TimeZone ɗinsa ke kan UTC zai gan shi da ƙarfe 11:30 na daren 31 ga Disamba 2023. Sai mutum biyu su haɗa lissafin shekara, jimla ta sha bamban, a fara zargin juna, alhali kuwa ba wanda ya taɓa ko kwabo.

To, ina mafita? Matambayi ba ya ɓata. A cikin PostgreSQL, umarnin SHOW DateStyle yana nuna saiti guda, SHOW ALL kuma yana zayyano su duka. Amma sanin saiti rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin inda ya fito. Jadawalin pg_settings yana da layin da ake kira source, wanda ke faɗin wannan. Saiti hawa-hawa ne: akwai na fayil ɗin postgresql.conf, wanda ya shafi kowa; na rumbu guda ya rinjaye shi; wanda aka ɗaura wa sunan mutum da ALTER ROLE ya rinjayi wannan; wanda manhajar shiga ta aiko ya rinjayi su duka; sannan abin da mutum ya sa da kansa da umarnin SET shi ne na ƙoli, har zaman ya ƙare. Shi ya sa mai kula da rumbu yakan gyara babban fayil, amma matsala ta ƙi tafiya, domin wani hawa na sama yana danne gyaran. Kuma abin da aka ɗaura wa sunan mutum ba ya soma aiki sai ya fita ya sake shiga.

Sauran rumbuna suna da nasu hanyoyi. A Oracle ana duba NLS_SESSION_PARAMETERS, a MySQL ana cewa SHOW SESSION VARIABLES, a SQL Server kuma DBCC USEROPTIONS. Duk waɗannan zaman mai tambaya kaɗai suke nunawa. Mai gyara da ya duba daga kujerarsa ya ce lafiya lau, mudunsa ya auna, ba na mai kuka ba. Sai ya sa mai kukan ya ba da umarnin a cikin nasa zaman. SQL Server yana da sys.dm_exec_sessions mai nuna zaman kowa, amma sai wanda aka ba izini na musamman. Wannan izini amana ce. Don gyara aka ba da shi, kada a mai da shi tagar leƙen abokan aiki.

Saboda haka muna kira gare ku, 'yan'uwa: kafin ku shigar da bayanai masu yawa, ku duba saitin zamanku, a PostgreSQL ku riƙa fara kwanan wata da shekara, kamar 1990-04-03, wanda ba ya rikiɗa, in kuwa lissafi ya saɓa, ku gwada saitin zaman biyu kafin ku ɗora wa wani laifi. Bayan kowane layi a cikin rumbu akwai ɗan'adam mai jiran hakkinsa.

 Allah ya ba mu ikon riƙe amana.