Jawabin mushen lakwal a taron ƙungiya: in likita ya yi kure



In marar lafiya ya rasu ko ya naƙasa a gidan likita, mukan ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma wani jiƙon akwai sakaci, kuma shiru ke sa a maimaita.

A Amurka, binciken da aka buga a 2016 ya nuna likita 1 cikin 100 ne ke ɗauke da kusan kashi 32 cikin 100 na ƙararrakin da aka biya diyya. Ke nan masu yawan kure kaɗan ne. An gane su don mutane sun kai kuka an rubuta.

Ku tuna Kano. A 1996, lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan. Gwajin ya shafi yara wajen 200, 11 suka rasu. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Iyalai huɗu na farko sai a 2011 suka karɓa.

Saboda haka, karne da takardar magani, a adana su kamar takardar gona. Ku tambayi sunan allura da sunan mai yin ta. In akwai kuka, a gaya wa manjo. In bai biya ba, a je wurin babban likitan Agye, da ladabi, ƙungiya ta raka.

Allah ya ba mu lafiya.