"Him" da "Shi": Tuntuɓenmu da Tuntuɓen Ɗaliban Sin

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗaliban ƙasar Ruma, lokacin dogon hutu)



Maganar da zan yi yau a kan kalma ɗaya ce ta Ingilishi, mai haruffa uku kacal, watau "him". Wataƙila wani zai ce abin ya yi ƙanƙanta a tara mutane dominsa. To, amma da ƙaramin tsakuwa ake yin tuntuɓe. A hutun bara na taimaka wajen koyarwa a wata makarantar sakandare a nan yankinmu, kuma cikin rubutun da na duba har da wanda yaro ya ce, "I bought a book and I lost him." Kowa ya san cewa sai da kiredit a Ingilishi, a jarrabawar WAEC ko NECO, ake shiga jami'a. Ƙannenmu da yawa sun riga sun yi asarar watanni na karatu saboda rashin zaman lafiya a bakin dajin Rugu. Bai kamata kuma su ƙara asarar maki a kan abin da za a iya gyarawa cikin mako guda ba.

Da farko, mece ce "him"? Wakilin suna ne na namiji tilo, wanda ke tsayawa a gurbin karɓau, watau wanda aiki ya faɗa wa. Yana zuwa bayan aikatau: "I saw him", na gan shi. Yana zuwa a matsayin wanda aka yi wa abu: "I gave him water", na ba shi ruwa. Yana kuma zuwa bayan kalmomi irin su "with" da "for" da "to". A tsohon Ingilishi kalmomi biyu ne ke wannan aiki: "hine" ga wanda aiki ya faɗa wa kai tsaye, "him" kuwa ga wanda aka yi wa. Da tafiya ta yi tafiya, "him" ta haɗiye 'yar'uwarta. Mu a Hausa har yanzu muna riƙe da bambancin: na gan shi, amma na gaya masa, ko "mashi" kamar yadda muke faɗa a nan ƙasar Katsina.

Yanzu bari mu leƙa ƙasar Sin, domin wahalar wani takan nuna maka taka. A Sinanci na Mandarin, kalmar "ta" ita ce shi, ita ce kuma ita. A baki babu wani bambanci. Ko a rubuce, sai wajen 1920 ne marubuci Liu Bannong ya yaɗa amfani da alama ta daban domin mace. Bugu da ƙari, kalmar ba ta sāke siffa: "ta kanjian wo", ya gan ni; "wo kanjian ta", na gan shi. Gurbin da ta zauna cikin jimla ne kaɗai ke nuna aikinta. Saboda haka ɗalibin Sin yana da tsauni biyu a gabansa. Dole ya koyi rarrabe "he" da "him", ya kuma riƙa tuna jinsin wanda yake magana a kai kafin ya buɗe baki. Shi ya sa za ka ji ɗan kasuwar Sin, irin waɗanda ke hulɗa da mutanenmu a Kantin Kwari a Kano, ya ce "give him" alhali mace yake nufi. Idan maganar biyan kuɗi ce, kun ga kuskuren nahawu ya zama rigima.

Mu namu ciwon akasin nasu ne. Su jinsi ya yi musu ƙaranci, mu ya yi mana yawa. Bahaushe ba ya rikita namiji da mace, tun da har a "kai" da "ke" ya raba su, abin da Bature bai yi ba. Amma a wurinmu littafi namiji ne, mota mace ce, sai mu kwashi wannan mu kai wa Ingilishi, wanda "it" kawai ya tanadar wa abubuwa. Asalin kuskuren yaron nan ke nan.

Akwai wasu ramuka uku. Na ɗaya, muna cewa "yaron da na yi magana da shi", sai mu rubuta "the boy I spoke with him". A Ingilishi wannan "him" ɗin ba shi da wurin zama. "The boy I spoke with" ya wadatar. Na biyu, ba kowane "shi" ne "him" ba. "Ni da shi muka je Safana" a jarrabawa "He and I went to Safana" ne, domin a nan shi aikau ne. Na uku, ba kowane "-nsa" ne "his" ba. "Gidansa" dai "his house" ne, amma "ina nemansa" shi ne "I am looking for him". Ku kuma lura cewa "masa" ɗinmu wani lokaci "him" ce kurum, wani lokaci "to him": "I told him", amma "I said to him".

Shawarata ga ƙannena ita ce, kafin ku rubuta wannan kalma ku yi wa kanku tambaya biyu. Mutum ne namiji, ko abu ne? Shi ya yi aikin, ko a kansa aikin ya faɗa? Ga 'yan'uwana ɗaliban jami'a kuwa, musamman na Dutsin-ma da ke kusa da gida, ina roƙon kowa ya ba da ko da sa'a biyu a mako cikin hutun nan, ya zauna da yaran unguwarsu. Kada mu hana su tunani da Hausa. Mu nuna musu inda harsunan biyu suka yi tafiya tare da inda suka rabu. Tun 1963 gidan rediyon ƙasar Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa, kuma Sinawan da suka yi aikin sai da suka koyi "ya" da "ta" da "masa" da "mata", waɗanda babu irinsu a harshensu. Idan su sun iya hawa tsauninmu, ba mu da hujjar tsayawa a gindin nasu ko na Bature.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Ruma, ya ba ƙannenmu sa'ar jarrabawa, amin. Wassalam.