Ma'aunin Ƙwayar Zarra da Ɗaliban Kudancin Kano



Duk wanda ya taɓa ganin mata suna shiƙar hatsi a masussuka ya riga ya ga asalin aikin na'urar da masana ke kira mas-sifektiromita, watau ma'aunin nauyin ƙwayar zarra. Iska takan kwashe ƙaiƙayi ta kai shi nesa, tsaba kuwa ta zuba kusa saboda nauyinta. Haka na'urar take yi. Takan mayar da ɗan abin da ake son bincikawa tururi, ta ɗora wa ƙwayoyinsa cajin lantarki, sa'an nan ta kora su ta gaban maganaɗisu. Marasa nauyi su karkace ƙwarai, masu nauyi su karkace kaɗan, kowace ta sauka a gurbinta, a ƙidaya ta.

A Jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila aka fara wannan aiki. A 1913 J. J. Thomson ya bayyana cewa iskar niyon iri biyu ce, mai nauyin 20 da mai nauyin 22. Mataimakinsa Francis Aston ya ƙera ingantacciyar na'ura a 1919, aka kuwa ba shi lambar Nobel a 1922.

To, ina ruwan yaron Doguwa da wannan? Ruwansa babba ne. A Riruwai akwai kuza, wadda zarrarta ta kasu iri goma tabbatattu, kuma da irin wannan ma'auni ake gane shekarun duwatsun da take ciki. A Bebeji akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974. Da shi ake iya gano ƙarfe mai guba ko maganin feshi a ruwan noman rani. Manoman Kiru da Tudun Wada su ma abin ya shafe su, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. A Zamfara kuwa, gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a 2010. Gubar da ido ba ya gani, awo ne kaɗai ke tona asirinta.

Ba sai an ɗauki na'ura mai tsada an kai ƙauye ba. Malamin jami'a yana iya zuwa da maganaɗisu da ƙwallayen ƙarfe manya da ƙanana, ya gangaro da su a kan allo, yara su ga yadda ƙaramin ke karkacewa fiye da babban. Daga nan a kai su ɗakin bincike su ga ta gasken.

Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, an kuma ga likitoci da injiniyoyin da suka fitar. Abin da ya rage shi ne jami'a ta ba da malamai, ma'aikatar ilmi ta ba da mota da lokaci a cikin jadawalin karatu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa a dace.